Kekena na lantarki yana ɗaukewa a hawa: batir ne ko inji?

Sabon Mahayi:
Assalamu alaikum 'yan rukuni. Don Allah masu sani ku agaza mini. Keken nan shekararsa biyu da 'yan watanni a hannuna, mai inji a cikin tayar baya ne, a jikin batirin an rubuta 48V 14Ah. Da can in na cika shi ina yin wajen kilomita 50 kafin ya fara jan ƙafa. Yanzu da ƙyar nake ganin 30. Abin da ya fi ƙona mini rai, in na zo hawa na murɗa totur sai komai ya ɗauke ɗif, sikirin ya mutu, alhali layi uku cikin biyar yake nunawa. In na kashe na kunna sai ya dawo kamar ba shi ba. Batirin ne ya gama, ko injin ne?

Ɗan Gaggawa:
Batir ne. Shekara biyu ai ya yi ƙoƙari. Sayi sabo ka huta.

Baba Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Kai Ɗan Gaggawa, sunanka ya bi ka. Ko keken ba ka gani ba har ka yanke masa hukunci, kuma abin da ya fi komai tsada a jikinsa ka ce a fara da shi.

Ɗana, kafin a taɓa batir amsa mini waɗannan. Yaushe rabonka da gwada iskar taya da ma'auni? Ba matsawa da babban yatsa nake nufi ba. Sannan ɗaga ƙafar gaba ka juya ta da hannu, ka saurara. Tana juyawa har ta gaji ta tsaya da kanta, ko kuwa kana jin shuu-shuu kowane zagaye? Haka ta baya, duk da ita dama ba za ta kai ta gaba sakin jiki ba saboda injin da ke cikinta.

Sabon Mahayi:
Baba gaskiya ba ni da ma'auni. In na ga ta yi laushi nake ba ta iska. Ta gaba kuma na juya yanzu, zagaye biyu ta yi ta tsaya, kuma akwai wannan ƙarar da ka faɗa.

Baba Mai Gyara:
To ka gani. Kana tafe birki na riƙe da kai, taya na lafe a ƙasa, sannan ka ce batir ba ya kai ka inda ya saba. A keken da babu inji tuni cinyoyinka sun faɗa maka akwai matsala. Shi na lantarki ɓoye laifi yake yi: injin ya ɗauki wahalar a maimakonka, kai ba ka ji komai ba sai dai ka ga caji na zubewa. Shi ya sa masu irin wannan keke suka fi kowa sakaci da gyaran keke na asali.

Duba gefen tayar, akwai lambobi da aka buga a jikin robar, mafi ƙaranci da mafi yawan iskar da take ɗauka. Ka tsaya a tsakaninsu, in kana da jiki ko kana ɗaukar kaya ka matsa sama, musamman ta baya da ke ɗauke da inji. Duk sati ka gwada. Taya na rage iska ko babu huji.

Birkin kuma in mai faifai ne, sassauta noti biyun da ke riƙe da gidan birkin, ba cirewa ba, sassautawa kawai. Matse hannun birki ka riƙe, ka ɗaure notin kana riƙe, sannan ka saki. Sau da yawa hakan kaɗai ke daidaita shi. In har yanzu yana gogawa a wuri ɗaya kowane zagaye, faifan ne ya ɗan lanƙwashe.

Ɗan Gaggawa:
Na ji, birki da taya za su rage tafiya. Amma birki ne ke kashe sikirin a hawa? A bar kewaye-kewaye Baba.

Injiniya:
Nan kam Ɗan Gaggawa yana da gaskiya rabi. Raguwar tafiya daban, ɗaukewa daban, ko da yake suna iya haɗuwa.

Bari in warware abin da ke cikin akwatin nan. Batirin da ake ce wa 48V jerin ƙwayoyin litiyam 13 ne aka haɗa baki da gindi. Kowace ƙwaya in ta cika tana kai volt 4.2, don haka cikakken batirinka ya kamata ya nuna 54.6. Mai 36V jeri 10 ne, cikarsa 42. In ƙwayoyin sun sauko wajen volt 3 kowace, wato kusan 39 gaba ɗaya, to an zo ƙarshe, kuma a nan kontirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, ko allon kariyar da ke cikin batirin, wanda ake kira BMS, zai yanke wuta don kada ƙwayoyin su lalace.

Ga inda abin yake. Layukan da kake gani a sikirin galibi volt kawai suke dubawa. Kana tafe a shimfiɗe injin na jan wuta kaɗan, volt na sama, sai ka ga layi uku. Da ka zo hawa ka murɗa totur, injin ya nemi wuta da yawa, sai volt ɗin ya faɗo. In ya faɗo ƙasa da iyaka ko na daƙiƙa ɗaya ne, an yanke. Ka saki, volt ya farfaɗo, ka kunna ya dawo. Daidai abin da ka bayyana.

Abu biyu ke jawo irin wannan faɗowa mai yawa. Ko dai ƙwayoyin sun tsufa, ko jeri ɗaya cikin 13 ɗin ya yi rauni. Ko kuma wutar tana samun cikas a hanya: bakin da batirin ke zama a kai ya yi sako-sako, ya yi tsatsa, ko fulog ya ƙone. Na biyun ba ya buƙatar sabon batir ko kaɗan.

Sabon Mahayi:
Injiniya, ɗan sako-sako kawai har ya kai ya kashe keke?

Injiniya:
Sosai ma. Ɗauki misali injinka na jan amfiya 15 a hawa, bakin nan kuma datti ya sa yana da turjiya ta ohm 0.2 kacal. Volt 3 sun tafi a nan wurin kafin wuta ta isa kontirola. Kuma ba ɓacewa suke yi a banza ba, zafi suke zama, wat 45 a ɗan wurin da bai kai farce ba. Zafin ya sassauta ƙarfen, ya narka robar da ke kewaye, sako-sakon ya ƙaru, zafin ya ƙaru. Haka ake yi har wata rana ka ji ƙauri.

Baba Mai Gyara:
Abin da Injiniya ya faɗa da lissafi ni da ido nake ganinsa. Cire batirin, ka haska fitila a bakin, na jikin batir da na jikin keke. Ƙarfe mai lafiya yana ƙyalli. In ka ga baƙi-baƙi kamar an ɗiga masa wuta, ko kore-kore, ko robar ta motse, ka kama ɓarawonka. Sannan mayar da shi ka kulle, ka girgiza da hannu. Bai kamata ya yi wasa a mazauninsa ba.

Kuma don Allah kada ka tura sukundireba ko waya cikin bakin batirin wai za ka kankare. Akwai wuta a ciki ko keke na kashe.

Anti Mai Keke:
Sannunku. Ni tambaya ɗaya zan yi wa ƙanina: yaya kake wanke keken?

Sabon Mahayi:
Anti, wurin masu wankin mota nake kai shi, su fesa masa ruwa da inji. Tsaf yake fitowa.

Anti Mai Keke:
Innalillahi. To daina daga yau. Nawa na farko haka na kashe masa sikirin. Ranar da aka wanke lafiya lau, washegari na ga raɓa ta kwanta a cikin gilashin, bayan kwana uku maɓallan suka daina amsawa. Waɗannan kekunan an yi su ne su jure yayyafi da fantsalin ruwan hanya. Ruwan da ake harbawa da ƙarfi kuwa yana tura kansa ta bayan robobin da ke toshe inji da boris, ya wanke giris ɗin ya zauna a madadinsa. Bokiti, soso, ɗan sabulu, tsumma. Ka cire batirin tukuna, ka rufe bakin, kuma kada ka mayar sai wurin ya bushe ƙarau.

Wani abu kuma da na koya da wahala: wayar da ke fitowa daga tsakiyar tayar baya, ta fara yin ƙasa tukuna kafin ta hau jikin keken. In ta fito ta miƙe sama kai tsaye, ruwan sama bin ta zai yi ya gangara cikin injin.

Ɗan Gaggawa:
Ni dai ina nan kan bakana. Batirin da ake cikawa kullum shekara biyu ba zai zama kamar sabo ba.

Injiniya:
Ba wanda ya ce kamar sabo yake. Ƙwayar litiyam tana raguwa da kowane zagayen caji, tana kuma raguwa da shekaru ko ba a taɓa ta ba. Tambayar ita ce nawa ya rage, kuma wannan gwadawa ake yi, ba a cinkensa.

Sabon Mahayi, in kana da mitar gwada wuta, sa ta a DC, a ma'aunin 200. Tabbatar jar wayar tana ramin volt, ba ramin amfiya ba, wannan kuskuren ƙona mita yake yi nan take. Cika batirin har caja ta nuna kore, cire, bar shi ya huta kamar awa ɗaya, sannan ka gwada, ka kula kada bakunan mitar biyu su taɓa juna. In ka ga 54 da wani abu, cikawa yana yi. In ka ga 51 ko 52 alhali caja ta ce ta gama, ko dai cajar ce ba ta kai wa, ko jerin ƙwayoyin sun saɓa wa juna. Gwada bakin cajar ita ma, 54.6 ya kamata ta bayar.

Amma a sani, cika volt ba shi ne lafiya ba. Tsohon batir ma yana kai 54, riƙewa ce ba ya yi. Ainihin gwaji shi ne tafiya. Naka 48 sau 14, wat-awa 672 ke nan yana sabo. In ka gyara birki da taya da baki, ka bi hanyar da ka saba ka ga nawa za ka samu, sai mu san rabon kowa a cikin laifin.

Mai Karatu Shiru:
Na daɗe ina bin rukunin nan ban taɓa magana ba. Tunda an zo kan caji: na ji ana cewa kada a cika batir ɗari bisa ɗari, a tsaya a 80. Wani kuma ya ce sai ya ƙare tas kafin a sa caji. Wanne ne?

Baba Mai Gyara:
Na biyun tsohon zance ne, na wasu irin batura na da. Litiyam ba ya son a tatse shi. Sa caji duk lokacin da ka samu dama.

Injiniya:
Maganar 80 gaskiya ce. Ƙwaya ta fi saurin tsufa in tana zaune a cike, balle a cike kuma cikin zafi. Wanda tafiyarsa gajera ce, tsayawa a 80 ko 90 zai ƙara wa batirinsa kwana.

Anti Mai Keke:
Ni fa ban yarda a ɗora wa mutane wannan ba. Yawancin cajojin nan ba su da maɓallin tsayawa a 80. Sai mutum ya zauna gadin caja da agogo? Ni tafiyata doguwa ce, cikawa nake yi, kuma ban sayi keke don in yi masa bauta ba.

Injiniya:
Anti, ban ƙi taki ba. Cikawa ka hau da safe ba wani abin damuwa ba ne. Abin da ke cutarwa shi ne ka cika ka jingine sati uku. Kuma ma akwai dalilin da ya sa dole a riƙa cikawa lokaci-lokaci: yawancin allunan BMS sai a ƙarshen caji suke daidaita jerin ƙwayoyin, su rage wa wanda ya yi gaba don na baya ya kamo. Wanda bai taɓa bari ya cika ba, jerin na iya saɓawa a hankali, har mai rauni ya riƙa jawo yankewa tun sauran na da wuta. Ko masu bin 80 ɗin ina ce musu su bar shi ya cika bayan 'yan makonni.

In kuma ajiya za a yi ta wata da watanni, a bar shi wajen rabi, a wuri mai sanyi-sanyi marar danshi, a riƙa leƙa shi. Batirin da aka ajiye a mace yana iya zarcewa ƙasa har caja ta ƙi karɓarsa.

Anti Mai Keke:
Wannan na yarda. Abin da ba na sassauci a kai shi ne inda ake cajin. Kada a sa batir caji a bakin ƙofa ko a lungun da shi kaɗai ne hanyar fita. Kada a ɗora shi kan katifa ko kujera. Kada a sa a kwanta barci. Kada a sa shi yana dawowa daga tafiya da zafinsa, a bari ya huce. Wutar litiyam ba irin wadda muka sani ba ce, ƙwaya ɗaya in ta kama ita ke kunna ta kusa da ita, ga hayaƙi mai guba, kuma tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Birnin New York a Amurka sai da gobarar irin waɗannan batura ta sa suka yi doka a 2023, cewa ba za a sayar da keken lantarki ba sai ya cika ƙa'idar gwaji ta UL 2849.

In batir ya kumbura, ko akwatin ya tsage bayan faɗuwa, ko yana wani wari, ko ruwa ya shige shi, fitar da shi waje nesa da abin da zai kama. Ba a lallaɓa wannan.

Baba Mai Gyara:
Ƙara da aron caja. "Bakin ya shiga" ba shi ne "ta dace" ba. An taɓa kawo mini batir mai 36 da aka cusa wa cajar mai 48 saboda fulog ɗinsu iri ɗaya ne. Allah ya taimaka allon kariyar ya yanke. Ba kullum ake wannan sa'ar ba. Karanta abin da ke bayan cajar: 42 na mai 36, 54.6 na mai 48.

Ɗan Gaggawa:
Tunda masana sun hallara, ni tawa tambayar: yaya ake cire takunkumin gudu? Nawa yana kai 25 sai ya daina turawa, kamar ana riƙe ni.

Mai Kula da Rukuni:
Malam, wannan ba a koyar da shi a nan.

Injiniya:
Ba zan koyar ba, amma bari in faɗi daga ina 25 ɗin ta fito. A Tarayyar Turai keken da injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma yake daina taimako a kilomita 25 cikin awa, shi doka ke ɗauka a matsayin keke. Ya wuce haka ya shiga layin babura. A Amurka iyakar ta fi haka, mil 20 ko 28 gwargwadon ajin keken. To wanda aka ƙera don 25, birkinsa da tayarsa da ƙarfensa duk a kan haka aka auna su. In ka ninka gudu, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da kai ninki huɗu ne, ba biyu ba.

Baba Mai Gyara:
Kuma in tambaye ka, yaushe ka leƙa takalmin birkinka? Keken nan ya fi na gargajiya nauyi, ya fi shi gudu, cin birki yake yi kamar me. In abin da ya rage a jikin takalmin bai kai kaurin milimita ɗaya ba, canza. Kamfanin Shimano masu ƙera kayan keke ma cewa suka yi kada ya gaza rabin milimita, ni ba na jira ya kai can. In ka bari ƙarfe ya fara cin ƙarfe, faifan ma ya tafi. Mai birkin mai kuma ya duba murfin: wasu man DOT suke sha, wasu man minaral, ba a gauraya su, robobin ciki ne ke lalacewa. Kuma ko ɗigon mai kada ya taɓa faifai.

Mai Karatu Shiru:
Baba, kaca fa? Baƙin mai nake zuba mata.

Baba Mai Gyara:
Baƙin mai ƙura yake tarawa, ya zama kamar an shafa mata yashi. Nemi man kaca, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, juya feda baya, sannan ka goge na waje da tsumma. A ciki ake son man, ba a baya ba. Don sanin ko ta miƙe, ɗora ruler: daga tsakiyar ƙusa zuwa ƙusa ta 24 a gaba inci 12 ne cif a sabuwar kaca. In ta fara zarce layin a fili, canza ta kafin ta cinye haƙoran giya. Mai inji a taya kacarsa ba ta shan wahala sosai. Mai inji a tsakiya, irin na Bosch ko Bafang, duk ƙarfin injin ta kaca yake bi, shi ne zai fi yawan dubawa, kuma ya riƙa sassauta ƙafa lokacin canza giya.

Sabon Mahayi:
Jama'a na dawo da rahoto. Na samo famfo mai ma'auni, tayar baya ko rabin abin da aka rubuta ba ta kai ba. Kunya ta kama ni. Birkin gaba na yi yadda Baba ya ce, yanzu ƙafar sai ta gaji da juyi. Batir bayan hutun awa ɗaya 54.1 ya nuna, caja 54.6.

Sai bakin. Ɗaya daga cikin ƙarafan na jikin keke ya yi baƙi ƙirin, robar gefensa ta ɗan narke, har ya nutse ciki bai kai tsawon 'yan'uwansa ba. Batirin kuma in na girgiza yana ƙwas-ƙwas. Na kai wa mai gyara ya canza mazaunin gaba ɗaya. Jiya na hau hawan nan sau uku da gangan, totur a murɗe, bai ɗauke ba.

Baba Mai Gyara:
Madalla. Gara da ka canza ba ka kankare ba, wanda ya narke ba ya komawa daidai.

Ɗan Gaggawa:
A dai faɗa mana kilomita nawa ya yi.

Sabon Mahayi:
Yau na bi tsohuwar hanyata har ya fara jan ƙafa: 42.

Ɗan Gaggawa:
Daga 50 zuwa 42. Ashe dai batirin ya ragu. Na faɗa!

Injiniya:
Ya ragu, kamar yadda kowane ɗan shekara biyu zai ragu. Takwas nasa ne, sha biyun na birki da taya da baki ne. Rubuta 42 ɗin da kwanan wata a wani wuri, ka sake wannan gwajin bayan wata shida a hanya ɗaya.

Sabon Mahayi:
Na rubuta. Baba, saura abu ɗaya. Tunda ƙarar birkin ta tafi na fara jin wani ƙis-ƙis daga ƙafar baya, musamman in na tashi daga tsaye.

Baba Mai Gyara:
Dama yana nan, birkin ne ya rufe maka kunne. Siraran wayoyin da ke riƙe da rim ne, na ƙafar da ke da inji sun fi saurin sassautawa. Bi su bibbiyu kana matsewa da yatsu, za ka ji wadda ta saki. Ɗaure ta kwatan juyi, ka juya tayar ka ga ko rim ɗin na kaɗawa, sannan ka ƙara in da buƙata. In sun wuce uku ko huɗu kada ka yi da kanka, kai wa mai ɗaurin rim. Kana wurin kuma ka sa sifana a manyan notin tayar bayan nan guda biyu, ka faɗa mini yadda ka same su.